Kwanan Ɗa a Waje: Zullumin Iyaye da Ziyarar Ƙaro Ilimi

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya a garin Auyo

 

An nemi mu yi tsokaci a kan wata matsala da shugabannin makarantunmu suka kawo kuka a kanta, wato yadda iyaye suke ja da baya duk lokacin da aka ce za a kai yara ziyarar ƙaro ilimi wadda za ta kai su ga kwana a wani gari. Mun karɓi wannan aiki ne saboda mun shafe shekara talatin da biyar muna riƙe da alli, kuma mun ɗanɗana abin ta fuska biyu: mun karɓi 'ya'yan mutane a bakin mota, mun kuma miƙa namu ga wasu malaman.

Za mu fara da wani abu da ya faru a gabanmu. A ƙarshen shekarun 1980, tun muna cikin tsohuwar Jihar Kano, mun ɗebi 'yan aji shida zuwa birnin Kano na kwana biyu, domin su ga Gidan Makama da gidan namun daji da filin jirgin sama. Ranar tafiya tun da asuba tasha ta cika. Iyaye mata ba su fito ba, sai dai aike: wannan ƙullin gari da ƙuli-ƙuli, wancan soyayyen kifi a kwano an ɗaure da ɗankwali. Akwai wata uwa da ɗanta na fari yake cikin tafiyar. Kunya ta hana ta ko ambaton sunansa, sai ta turo abokiyar zamanta ta ce mana yaron nan ba ya jure sanyi, a sa masa ido. Mahaifinsa kuwa hannu kawai ya ba mu, ya ce, "Malam, Allah ya kiyaye hanya," ya juya ya nufi fadama kamar ba abin da ya dame shi.

A hanyar dawowa mota ta lalace mana bayan mun wuce Gujungu. A lokacin babu wayar hannu, domin sai a 2001 ta shigo ƙasar nan, saboda haka ba mu da hanyar sanar da gida. Mun yi alkawarin isowa da la'asar, ba mu iso ba sai wajen ƙarfe ɗaya na dare. Tun da sauran tafiya kafin mu shiga gari fitilar mota ta haska mana wani mutum tsaye a gefen hanya, da tocila a hannu, kekensa a yashe a ƙasa. Ashe mahaifin nan ne. Bai tambayi ɗansa ba. Abin da ya ce shi ne, "Malam, kun dawo da su duka?" Bayan mako guda sai ga shi a majalisa yana ba da labarin saukar jirgin sama kamar a gabansa aka yi, yana cewa yaron wajensa ne ya gano masa.

Wannan bawan Allah ya nuna mana halin da iyaye suke shiga. Fargaba da alfahari a zuciya ɗaya suke kwana, kuma tarbiyyarmu ta kawaici takan hana a furta ko ɗaya daga cikinsu. Malamin da ya ga uba ya yi shiru ya ɗauka bai damu ba, ya yi kuskure. Wanda kuma ya ga uba ya hana ɗansa tafiya ya ɗauka ƙiyayyar boko ce, shi ma ya yi kuskure.

Ya kamata mu tambayi kanmu, shin nisa ne iyayenmu suke tsoro? Ƙasar Haɗejiya ta yi suna wajen karatun Alƙur'ani, kuma tun kaka da kakanni uba yakan damƙa ƙaramin yaro ga alaramma ya tafi da shi gabas, Nguru ko Gashuwa ko Maiduguri, ya yi shekaru bai ga gida ba. Mu ma da aka kai mu kwalejin horon malamai, a zamanin da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya sa ake neman malamai ruwa a jallo, wata uku muke yi ba a jin ɗuriyarmu sai ta wasiƙa. To, me zai sa uban da ya iya wannan haƙuri ya kasa na kwana biyu? Dalili shi ne ya san alaramman, ya san gidansu, ya san a hannun wa ya bar amanarsa. Abin da ke hana iyaye barci shi ne rashin sanin hannun da ɗansu yake ciki.

Sa'an nan kuma zamani ya canza, kuma ba za mu raina tsoron iyayen yau ba. Sun ji abin da ya faru a Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021. Ko da yake a makarantun kwana aka kwashe waɗannan ɗalibai, ba a hanyar ziyara ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Ga kuma haɗarin hanya. A watan Mayu na 2025 matasa 'yan wasan Jihar Kano fiye da ashirin suka rasu a kan hanyar Zariya zuwa Kano, suna dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a Jihar Ogun, saura kaɗan su isa gida. Allah ya jiƙansu. Uban 'ya mace kuwa yana da ƙarin tambayar da kunya takan hana shi yi a gaban taro: a wane ɗaki za ta kwana, wa zai kula da ita?

Duk da haka, hani yana da tasa hasarar. Yaron Auyo ya ga yadda ambaliya ta cinye gonakin shinkafa a 2020 da 2022, amma bai taɓa ganin madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974 ko ta Challawa ta 1992 ba, alhali ruwan da ke biyowa ta kogin Haɗejiya daga can yake gangarowa. Yana karanta tarihi a littafi, bai ga zanen mutanen da da ke jikin duwatsun Birnin Kudu ba. Ko dausayin Baturiya da ke nan kusa da mu, inda tsuntsaye suke sauka daga ƙasashen Turai a lokacin hunturu, yaranmu da yawa sai dai su ji labari. Gani ya kori ji. A iya saninmu na aikin koyarwa, yaron da ya kwana a wani gari, ya adana kuɗin guzurinsa, ya tashi sallar asuba ba tare da uwa ta tashe shi ba, yakan dawo da natsuwar da ba a koyar da ita a allo. Kuma idan aka hana, 'ya'ya mata da 'ya'yan marasa ƙarfi ne suke fara zama a gida.

Saboda haka shawararmu ita ce a mayar da wannan tsoro ya zama sharuɗɗa. Na farko, shugaban makaranta ya tara iyaye tun da sauran lokaci, ya bayyana musu wurin zuwa da masauki da sunayen malaman da za su yi rakiya, ya sami izinin sakataren ilimi da amincewar kowane uba a rubuce. Na biyu, ƙungiyar iyaye da malamai ta wakilta mutum biyu, namiji da mace, waɗanda gari ya yarda da su, su bi yaran, kuma kada a fita da 'yan mata sai da malama da ɗakin kwanansu daban. Na uku, a duba lafiyar mota da ta direba, kada a yi lodi fiye da kujeru, kada a yi tafiyar dare, kuma kada a sa ziyara a tsakiyar damina lokacin da ruwa yake yanke mana hanyoyi. Na huɗu, a tafi da akwatin magunguna da gidan sauro, a kuma san yaron da yake da asma ko sikila. Na biyar, a ba iyaye lambar waya guda, a sanar da su an sauka lafiya, a sanar da su an taso, in kuma an sami jinkiri a faɗa musu gaskiya nan take. Da muna da wannan dama a wancan dare, da dattijon nan bai tsaya a gefen hanya ba.

A nan ne muke juyowa gare ku, 'yan'uwanmu mazauna birane. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan uba ya ji cewa ɗan gidan wane da ke aiki a Kano ne zai tarbi yaran, shi ya nemo masauki, kuma zai leƙa su da dare, rabin zullumin ya tafi, domin ya san hannun da ɗansa yake ciki. Muna roƙon wannan ƙungiya ta naɗa wakilin masauki a kowane birni, ta kuma ware wani abu daga asusunta domin kuɗin motar marayu da 'ya'yan marasa hali.

Akwai kuma wata magana da za ku yi mana haƙuri mu faɗa. Da yawanku kuna biyan kuɗi masu yawa a kai 'ya'yanku ziyara Abuja ko Yankari, amma idan kun zo gida da su ba kwa bari su kwana, wai sauro da ruwan sha. Ku tuna harshen Auyakawa ya ɓace ne saboda wata tsara ba ta miƙa shi ga ta bayanta ba, kuma zumunci ma haka yake ɓacewa. Ku kawo su hutu da gidan sauronsu, ku bar su wurin kakanninsu ko na mako guda ne, su ga fadama, su san dangi. Za ku ji zullumin da iyayen ƙauye suke ji, kuma muna kyautata zaton za ku ji daɗin labarin da za su koma muku da shi.

 Allah ya shirya mana zuriya, ya tsare su a gida da waje, ya mayar da kowa masaukinsa lafiya.