Tashar Fiton Jebba a Zamanin Yaƙin Jamus



Da yawanmu mun ratsa gadar Jebba a hanyar Ikko muna gyangyaɗi. To, kafin gadar nan fito ake yi. A Jebba Gwamna Lugga ya fara kafa hedkwatarsa a 1900, kafin ya koma Zungeru a 1902. Hanyar jirgin ƙasa daga Ikko ta iso garin a 1909, sai Kogin Kwara ya tare ta. Dabarar da Turawa suka yi ita ce a kwance taragu, a tura su cikin jirgin fito kaɗan-kaɗan, a haye da su, a sake ɗaurawa a tsallake. Ku auna ɓata lokacin, balle in ruwa ya cika ko ya janye.

Ana cikin haka yaƙi ya ɓarke a watan Agusta 1914, ga Jamusawa a Kamaru, ƙofa da ƙofa da mu. Gyaɗar Kano, fatu da kuzar Jos, duk abin da ya biyo dogo zuwa Ikko sai ya jira layi a bakin ruwan nan. Ba a gama gada ba sai 1915, yaƙi na ci.

Malamanmu su gafarce ni: an koya mana Mungo Park har mun haddace, amma leburorin da suka tura taragun nan ko sau ɗaya ba a ambace su ba. Roƙona ga ƙungiya, in za mu ɗauki nauyin yawon buɗe ido na ɗalibai bana, motar ta tsaya a Jebba, yara su sauka su ga wurin.