Waɗanda ke riƙe da makarantun 'ya'yanmu, wa ke riƙe da su?

Jawabin da aka gabatar a taron iyaye da matasan zongo kusa da Circle, Accra, aka buga shi domin 'yan'uwa masu zaɓe na garuruwan kan iyaka

Ina gaishe ku mutanen Nima da Maamobi da kuka baro sana'o'inku kuka zo. Ina kuma gaishe ku da wannan takarda za ta iske a Aflao, Paga, Bawku, Pusiga, Hamile da Elubo. Zongo ɗaya ne, ko a ina aka kafa shi.

Yau kam ba zancen manyan tituna zan yi muku ba. Ina so ku tuna safiyar jiya, lokacin da kuka raka yaro makarantar gwamnati. Wa ya buɗe ƙofar? Wa ya share ajin? Wa ya karɓi ɗan shekara huɗu yana kuka, ya share masa hawaye, ya kai shi bayan gida, ya wanke shi? Wa ya hura wuta tun da asuba don shinkafa ta nuna kafin a tashi tara? Wa ya zaunar da yaran yana biya musu alif, ba, ta? Mun san malamin aji da shugaban makaranta, muna kuma girmama su. Amma a bayansu akwai masu kula da ƙananan yara, masu girki, masu shara, masu gadi, malaman Arabiyya da matasa masu taimaka wa malami a cikin aji. Da yawansu 'ya'yan zongo ne, ƙannenmu da gwaggonninmu. Maganarsu ce ta tara mu.

Mu fara da tukunya. Shirin ciyar da 'yan makaranta ya fara ne a 2005, zamanin Shugaba Kufuor. Shiri ne mai kyau, ba mu ƙi faɗa ba, domin akwai yaron da abincin nan ne ke kai shi aji. Ga yadda yake tafiya: gwamnati na ba mace kwangilar dafa abinci, ita za ta nemo kuɗi ta sayi shinkafa, wake, mai da itace, ta ɗauki masu girki, ta ciyar da yara, sannan ta zauna jiran a biya ta. Shekara da shekaru abin da aka riƙa lissafa mata a kan kowane yaro a rana sidi 1 ne, idan aka cire haraji ya koma pesewa 97. A watan Disamban 2022 hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, amma kuɗin abincin yaro yana nan a sidi 1. A 2023 matan suka ajiye ludayi, suka ce a mayar da shi sidi 3.50 a kuma biya su bashin da suke bi. Aka ba su sidi 1.20. A 2024 aka ce sidi 1.50.

Iyayena mata, ku da kuke shiga kasuwar Nima kullum, ku gaya mini: sidi 1.50 zai sayi ƙwai guda ɗaya a yau? To da shi aka so a 2024 a dafa wa yaro abinci mai gina jiki, a sayi itace, a biya mota, a kuma biya mai girki. Mai girkin nan ba ta cikin takardar albashin gwamnati. Mai kwangila ce ke biyanta, idan ita an biya ta. In gwamnati ta yi jinkirin zango guda, mai kwangila ta shiga ɓuya daga masu binta bashi a kasuwa, mai girki kuma ta koma gida hannu wofi bayan ta sha hayaƙi wata uku.

Mu koma cikin aji. A watan Mayun 2018 gwamnatin NPP ta ƙaddamar da shirin NABCO, ta ce za ta ɗauki matasa 100,000 da suka gama manyan makarantu, a riƙa ba kowa sidi 700 a wata. Ɗaya daga cikin rassansa bakwai na koyarwa ne. Matasanmu suka shiga ajujuwa, suka duba littattafan yara, suka cike gurbin da babu malami. Da tafiya ta yi nisa alawus ya fara tsallake wata, daga baya ya tsallake watanni. A 2022 aka rufe shirin alhali ana riƙe da kuɗinsu, har sai da suka fito kan titunan Accra suna neman haƙƙinsu. Akwai yaron unguwarmu da na sani wanda ya ci bashin kuɗin mota don kada ajinsa ya zauna babu kowa. Yau yana sayar da kayan waya a nan Circle, bai gama biyan bashin ba.

Su ma waɗanda ke cikin takardar albashi ba su tsira ba. Ƙungiyar TEWU, wadda ke wakiltar ma'aikatan makarantu da ba sa koyarwa, ta shiga yajin aiki a Janairun 2022 saboda an ba malamai alawus na ƙarin horo an bar su a baya. Ranar 4 ga Yulin wannan shekarar kuma TEWU da GNAT da NAGRAT da CCT suka rufe makarantu suna neman ƙarin kashi 20 na rage raɗaɗin tsadar rayuwa. Da ƙyar aka ba su kashi 15. Mafi ƙarancin ladan yini a Ghana a 2024 sidi 18.15 ne. Wanda ya yi aikin kwana 27 a kan wannan bai haɗa sidi 500 ba. Ku cire kuɗin ɗaki a Maamobi, ku cire kuɗin trotro, ku ga abin da ya rage na koko da ƙosai.

Sai abin da ya fi taɓa mu, wato makarantun Islamiyya. Tun 1987 aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta Ghana, don iyayenmu su saki jiki su kai 'ya'yansu boko ba tare da tsoron rasa addini ba. Abin da ya sa uba ya yarda shi ne ganin malamin Arabiyya a makarantar. Amma da yawa daga cikin malaman nan a kan ɗan alawus suke, ko kwantiragi mai ƙarewa, ko abin da iyaye suka harhaɗa. Babu tabbacin gobe, babu fanshon SSNIT. Haka masu kula da yara a ajin share fage a makarantu da dama, duk da cewa shekaru biyun nan suna cikin ilimin farko da doka ta tanada. A 2017 an buɗe mana ma'aikatar raya zongo, aka yi ta buga ganga. A 2021 aka rufe ta. Malamin Arabiyya yana nan inda aka same shi.

Kada wani ya ce muku alfarma muke roƙo. Dokar ƙwadago ta 2003 ta ce ma'aikacin wucin gadi da ya yi wata shida ko fiye a jere yana yi wa mutum ɗaya aiki, a ɗauke shi kamar na dindindin. Gwamnatin da ke hukunta kamfani a kan wannan, ya kamata ta fara duba gidanta. Addininmu ma ya tsananta a kan haƙƙin ɗan ƙwadago, ga malamanmu nan zaune, su ne shaida.

Ku mutanen kan iyaka kun fi kowa sanin inda ciwon yake, domin kuna riƙe sidi da sefa a aljihu ɗaya. A ƙarshen 2016 dala ɗaya ba ta kai sidi 5 ba, a 2024 ta haura sidi 15. Mai girki a Aflao da mai gadi a Paga, ladansu na narkewa kafin ya iso hannu. Shekara biyu cur iyakoki na rufe, daga Maris 2020 zuwa Maris 2022, jari ya karye, sannan aka ɗora harajin E-Levy a kan ɗan kuɗin da ɗa ke tura wa uwarsa ta waya.

Na san abin da wasu ke raɗawa: ai Dakta Bawumia namu ne. Muna ba shi girmansa, kuma ba mu yarda a zagi kowa ba. Amma shi aka ɗora a kan jagorancin tawagar tattalin arziƙin gwamnatin NPP, kuma a hannunsu ƙasar ta koma karɓar rancen dala biliyan 3 daga IMF a 2023. Mai shago ba ya sake ba yaronsa makulli don suna sallah tare, sai ya duba littafin ciniki.

Me NDC ta zo da shi? Tsarin albashi na bai-ɗaya, wanda ya sa ma'aikatan gwamnati a kan ma'auni guda, a 2010 aka fara aiki da shi, zamanin marigayi Shugaba Atta Mills. Mataimakiyar John Dramani Mahama, Farfesa Naana Jane Opoku-Agyemang, malama ce da ta riƙe ma'aikatar ilimi daga 2013 zuwa 2017, ta san aji ciki da waje. Mahama ya yi alkawarin soke E-Levy, da ƙarin kashi 20 na albashi ga malamin da ya yarda ya je ƙauye, da bankin mata, da asusun Soyayya na jari domin zongo.

Mu kuma ga abin da za mu riƙe wa 'yan takararmu na majalisa, tun daga Ayawaso ta Gabas da ta Arewa har Bawku da Ketu ta Kudu: a biya bashin NABCO da na masu ciyarwa, kuɗin abincin yaro ya bi farashin kasuwa, a kuma biya a kan lokaci, mai girki, mai kula da yara da malamin Arabiyya su samu takardar aiki da fansho. Idan ɗan takara ya zo gaishe ku, ko da namu ne, ku tambaye shi waɗannan a gaban sarki da liman. In ya ci ya manta, ku tuna masa da wannan takarda.

Ranar Asabar 7 ga Disamba, 2024, ku fito da wuri, ana buɗe rumfa ƙarfe 7 na safe a rufe ƙarfe 5 na yamma. Duk wanda sunansa ke cikin rajista ɗan ƙasa ne mai haƙƙi, kada kowa ya razana ku saboda sunanku ko harshenku. Ku nemi lamba 8, alamar laima, ku dangwala. Samari, babu dutse babu sanda, ƙuri'a ta ishe mu. Ku riƙo hannun gwaggon nan mai girki ku tafi tare.

Allah Ya ba Ghana zaman lafiya, Ya yi wa 'ya'yanmu albarka, Ya saka wa masu yi musu hidima da alheri.