Kwana Shida da Ƙwaryar Kan Toumaï



A shekarar 2001, a hamadar Djurab ta arewacin Chadi, masu bincike suka tono wata ƙwaryar kai da aka laƙaba wa suna Toumaï. Awo ya nuna ta kai shekara miliyan 7, kuma masana da dama na ganin mai ita yana dab da inda zuriyarmu ta rabu da ta manyan birai. Ɗalibin da ya ji wannan a aji ran Juma'a, ran Lahadi aka karanta masa Farawa sura 1 a majami'a, zai koma gida yana tambayar kansa: wa ya yi mini ƙarya, malami ko fasto? Dominsa na tsaya gabanku yau.

Mu fara da nassin. A ranar huɗu aka halicci rana, alhali tun ranar farko ana ƙirga maraice da safiya. Orijen na Iskandariya ya lura da haka tun ƙarni na 3. A sura 1 tsire-tsire da dabbobi sun riga mutum. A sura 2 mutum aka fara ginawa daga ƙasa, sannan gona, sannan dabbobi. Wanda ya jera surorin nan kusa da juna ba makaho ba ne. Da jadawalin aiki yake rubutawa, da ya daidaita su. Abin da ke gabansa daban ne: maƙwabtan Isra'ila suna sujada ga rana da wata, shi kuwa ko sunansu bai ambata ba, ya mai da su fitilu biyu da Ubangiji ya rataye. Agustin, bishof na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya yi gargaɗi cewa Kirista mai shirme kan taurari da dabbobi da sunan Littafi, Littafin yake jawo wa raini. Ya faɗi haka fiye da shekara 1,400 kafin littafin Darwin na 1859.

Shekara dubu shidan da ake ta maimaitawa a matsayin shekarun duniya fa? Lissafin Akbishof James Ussher ne na 1650, wanda ya sa halitta a shekara ta 4004 kafin haihuwar Almasihu. Aka riƙa buga shi a gefen shafukan Littafi Mai Tsarki na Turanci, har mutane suka ɗauka aya ce.

A ɓangaren kimiyya kuwa, firist ɗan Beljiyam, Georges Lemaître, shi ne a 1927 ya nuna da lissafi cewa sararin samaniya buɗewa yake yi. Amma da Paparoma Pius na 12 ya so ya mai da wannan hujjar halitta a 1951, Lemaître bai ji daɗi ba. Ina tare da shi, don bangaskiyar da aka jingina da sakamakon bincike, ranar da aka gyara sakamakon za ta tangaɗa.

Inda gizo ke saƙar shi ne Adamu. Kwanakin halitta ba sa hana ni barci, wannan kuwa yana hana ni. Mutum yana da kuromosom tagwaye 23, manyan birai 24, kuma na biyu namu yana ɗauke da tabon wurin da guda biyu suka manne. Binciken gado yana nuna kakanninmu jama'a ne masu yawa. Ga Bulus kuma a Romawa 5 ya ɗora zunubi kan mutum ɗaya, ceto kan mutum ɗaya. Ba zan share ko ɗaya don in huta ba. Abin da na fi karkata gare shi shi ne Adamu wakili ne da Allah ya kira daga cikin mutanen da ke nan, ya ɗora masa amana, ya karya ta. Farawa 4 ta buɗe wannan ƙofa: Kayinu ya ji tsoron kada wasu su kashe shi, ya sami mata, har ya gina birni. Su wa yake tsoro, kuma wa zai zauna a birnin?