Ƙwannafi Da Yadda Ake Rage Shi A Gida

Jawabinmu na yau a kan ƙwannafi ne, watau zafin nan da kan taso daga ƙahon zuci ya hau ƙirji, wani lokaci har ruwa mai tsami ya zo wa mutum baki. Mutane da yawa kan kira shi olsa, amma ba ɗaya ba ne da gyambon ciki, kuma maganinsu ya bambanta.

Ga yadda abin yake. Ciki yana yin wani ruwa mai tsami ƙwarai domin narkar da abinci. Bangon cikin yana da yauƙi mai kauri da ke kare shi daga wannan ruwa, amma maƙoshi, watau hanyar da abinci ke bi, ba shi da irin wannan kariya. A mahaɗarsu akwai wani nama kamar zobe, wanda kan tsuke kamar bakin jaka da zarar loma ta wuce. Idan zoben nan ya saki, ko ciki ya cika ya matsa masa, sai ruwan ya komo sama ya ƙona maƙoshi. Shi ya sa ƙwannafi ya fi damun masu ƙiba, da mata masu juna biyu, da masu ɗaure ƙugu tamau.

Saboda haka babban maganin yana ga yawan abin da aka ci da lokacin da aka ci shi. Al'adarmu ce a yini da ɗan abin taɓawa, sa'an nan da dare a zauna gaban malmalar tuwo da miya mai mai, a cika ciki, a sha ruwa, a miƙe a tabarma. To, mutum yana tsaye ko zaune nauyin abinci ƙasa yake ja. Yana kwantawa ciki da maƙoshi sun zama daidai, ruwan sai ya kwararo. Lalle ne a bar kamar awa 3 tsakanin cin abinci da kwanciya. A rage abincin dare, a raba na yini kashi huɗu ko biyar ƙanana. Da azumi ma haka: a buɗa baki da kaɗan, a dakata, kana a ci sauran, kuma kada a koma barci nan take bayan sahur.

Wanda ƙwannafi ke tashe shi cikin dare ya sa bulo ko katako ƙarƙashin ƙafafun gado na wajen kai, su ɗaga kamar inci 6 zuwa 8. Tara matashin kai ba ya wadatarwa, don wuya kawai yake lanƙwasawa, wani lokaci ma ya ƙara matse ciki. Kwanciya a gefen hagu ta fi sauƙi gare shi bisa ta dama. Mai ƙiba kuwa, in ya rage ko kaɗan ne, zai ga bambanci.

Game da irin abinci, ba kowa da kowa ne abu ɗaya ke tayar wa ciwon ba. Waɗanda aka fi kuka da su su ne soye-soye kamar ƙosai da nama mai kitse, da barkono da yaji, tumatir, lemon tsami, lemon kwalba, kofi, shayi mai kauri, na'a-na'a da goro. Kowa ya lura da nasa har mako biyu, ya bar wanda ya tabbata yana cutarsa; babu dalilin hana kai kome da kome. Taba da giya kuwa suna sassauta zoben nan, barinsu ya zama dole. Haka kuma ƙwayoyin ciwon jiki irin su asfirin, ibuprofen da diclofenac suna ƙara tsananta zafin. Madara takan kwantar da shi na ɗan lokaci, amma mai maiƙo takan sa ya dawo.

Yanzu sai maganar kanwa. Gaskiya ne jiƙon kanwa yana kashe tsamin ciki nan da nan, shi ya sa tsofaffi suka amince da shi. Amma kanwa cike take da sinadarin nan na gishiri da ke tara ruwa a jiki, ya hau da jini, ya wahal da zuciya da ƙoda. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun nuna dangantaka tsakanin yawan shan kunun kanwa lokacin jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Don haka mai juna biyu, da mai jego, da mai hawan jini, da mai ciwon ƙoda, kada su sha kanwa don ƙwannafi. Hodar soda ta yin burodi ma hukuncinsu ɗaya. Gara a nemi ruwan maganin kashe tsamin ciki a wurin ma'aikacin lafiya. Akwai kuma omeprazole, wanda ke rage yin ruwan tsamin, ana shansa kafin karin kumallo. Amma kada a zarce mako biyu ana sha ba tare da ganin likita ba.

Akwai lokacin da dabarun gida ba su isa ba. Ƙwannafin da aka bari shekara da shekaru yakan yi wa maƙoshi rauni har ya tsuke, a wasu mutane ƙalilan ma ya kai ga ciwon daji. A tafi asibiti idan ciwon yana zuwa fiye da sau biyu a mako, ko ya ƙi sauƙi bayan mako uku, ko abinci yana maƙalewa wajen haɗiya, ko mutum yana ramewa ba dalili. Aman jini, ko bayan gida baƙi kamar kwalta, ba a kwana da su a gida. Haka nan zafin ƙirji mai nauyi da ke zuwa da gumi da haki, yana sauka hannu ko yana hawa muƙamuƙi: wannan yana iya zama ciwon zuciya, a garzaya da mai shi asibiti a wannan sa'a.