Takardar Shaida da Aikin Yi

Jawabi ga iyaye, da malamai, da ɗalibai



Abin da aka ce in yi magana a kansa yau shi ne, ko ilmin da 'ya'yanmu ke samu a jami'a da sauran manyan makarantu yana shirya su ga aikin da za su ci abinci da shi. Duk uban da ya sayar da hatsinsa ko ragonsa ya biya kuɗin makaranta, da duk uwar da ta yi adashi ta haɗa wa ɗanta guzurin komawa, suna da hakkin su ji amsa. Amsar da zan ba ku ita ce, a waɗansu fannoni yana shirya su ƙwarai, a waɗansu kuwa ba ya shirya su, kuma abin da ya raba biyun a fili yake ga wanda ya duba.

Amma kafin mu kai nan, ya kamata mu tuna dalilin da ya sa aka kafa waɗannan makarantu tun farko. Lokacin da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, babbar bukatar ƙasa ita ce a sami 'yan ƙasa waɗanda za su karɓi kujerun da Turawa za su bari. Ana neman likitoci, da alƙalai, da manyan malamai, da jami'an mulki. Hukumar Ashby, wadda ta miƙa rahotonta a 1960, ita ma a kan wannan bukata ta yi lissafinta, watau ma'aikata nawa sabuwar ƙasa za ta nema. Daga nan aka buɗe jami'ar Nsukka a 1960, sa'an nan ta Ahmadu Bello a Zariya, da ta Ikko, da ta Ife a 1962. A 1975 aka ƙara bakwai, a Kano, da Sakkwato, da Maiduguri, da Jos, da Ilori, da Kalaba, da Fatakwal. A wancan zamani ɗalibi yakan sami aiki tun bai gama jarrabawar ƙarshe ba, har ma'aikatu da kamfanoni su riƙa zuwa makaranta suna zawarcinsa. Saboda haka mutane suka ɗauka cewa takardar shaida da aiki abu ɗaya ne, kuma a lokacin ba su yi ƙarya ba.

To, kujerun nan sun cika tun da daɗewa. Bayan da farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihu a 1986, gwamnati ta daina ɗaukar ma'aikata kamar da. Masaƙun Kaduna da na Kano, waɗanda suka ci dubban ma'aikata, mafi yawansu sun rufe daga baya. Jami'o'i kuwa ba su daina ƙaruwa ba, har sun haura 250, kuma a 2024 kusan yara miliyan biyu ne suka zauna jarrabawar JAMB. Kun ga ke nan ƙofar shiga ta faɗaɗa, ta fita ta ƙuntata.

Yanzu mu dubi inda jami'a ke cika alkawarinta. Ku ɗauki ɗalibin likitanci. Shekara shida yake yi, kuma wajen rabinsu a asibitin koyarwa yake yin su, yana bin manyan likitoci daga gado zuwa gado, yana taɓa majiyyaci, yana sauraron ƙirjinsa, ana tambayarsa abin da ya gani, in ya yi kuskure a gyara masa nan take. In ya gama ba a sakinsa, sai ya ƙara shekara guda yana aiki ƙarƙashin idon na gaba da shi kafin a ba shi cikakken izni. Mai koyon haɗa magunguna shi ma yana da irin wannan shekara. Ɗalibin shari'a in ya gama digiri sai ya tafi Makarantar Horon Lauyoyi, a tura shi kotu da ofishin wani lauya ya ga yadda ake shigar da ƙara. Waɗannan in sun fito, ko a ƙasar waje ɗaukarsu ake yi, har ma abin ya zame mana wata damuwa dabam. Sirrin kuwa guda ne: hannunsu ya taɓa aikin kafin a ba su takarda, kuma wanda ya iya aikin ne ya shaida cewa sun iya.

Ku gwada wannan da yaron da ya karanta aikin gona shekara biyar, amma bai taɓa raino gona guda daga shuka zuwa girbi ba, bai san abin da buhun taki ke ci a kasuwa ba. Ko wanda ya karanta injiniyan lantarki, ya haddace zane a allo, amma injin da ke ɗakin gwaji ya girme shi kuma ba ya tashi. Ko wanda ya karanta ilmin kwamfuta, aka ce ya rubuta umarninta da biro a kan takarda ranar jarrabawa. Ba laifin yaran nan ba ne, kuma da yawansu masu kaifin basira ne. An koya musu labarin aiki ne, gani kuwa ya kori ji. In aka haɗa da aji mai ɗalibai ɗaruruwa ga malami guda, da yajin aikin da ya rufe jami'o'in gwamnati wajen wata tara a 2020 da wata takwas a 2022, ba abin mamaki ba ne mai kamfani ya ce sai ya sake koyar da wanda ya ɗauka.

Kada ku zaci yau aka gano wannan ciwo. Tun a taron tsara manhaja na 1969 aka yi kukansa, kuma daga nan aka haifi Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977, wadda ta kawo tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiki da shi a 1982. Niyyar tsarin kyakkyawa ce ƙwarai. An so kowane yaro a ƙaramar sakandare ya riƙe zarto da guduma, ya san aikin katako, da ƙarfe, da lantarki, domin in ya gama shekara uku a gane inda baiwarsa take, wani ya wuce babbar sakandare, wani kwalejin sana'a, wani wurin maigida ya koyi aiki. Aka sayo kayan aiki daga ƙasashen Turai da kuɗi masu yawa. Amma a makarantu da dama akwatunan nan suka yi shekaru a ajiye ba a buɗe su ba, domin babu ɗakin da za a kafa su, babu wuta, kuma babu malamin da ya san yadda ake juya su. A ƙarshe darasin sana'a shi ma ya koma abin da ake rubutawa a allo a haddace. Darasin da ke nan shi ne, malami ake fara tanada kafin inji.

A manyan makarantu ma akwai gadar da aka gina tsakanin aji da wurin aiki. Asusun Horar da Ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971, shi ya fito da shirin SIWES a 1973, wanda ake tura ɗalibi masana'anta ko ma'aikata na waɗansu watanni. Ɗalibin kwalejin fasaha kuwa yakan yi shekara guda a wurin aiki tsakanin ƙaramar difloma da babba. A ganina, gyaran da ya fi kowane sauƙi da arha shi ne a riƙe wannan shiri da gaske. Abin da aka saba gani shi ne yaro ya nemi wani ofis inda yake da ɗan'uwa, ya riƙa leƙawa jifa-jifa, a ƙarshe a sa masa hannu a littafi. Ya kamata a ce malaminsa ya je ya same shi a bakin aiki fiye da sau ɗaya, mai masana'anta ya ba da maki na gaskiya, kuma makin nan ya yi nauyin da zai iya hana digiri. Tun da manhajar da Hukumar Jami'o'i ta fitar a 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta, babu abin da zai hana jami'ar da ke Kano ta dubi fata da rini, wadda ke Binuwai ta dubi sarrafa doya da lemo, ta kira masu sana'ar su zauna tare a tsara.

A nan ne nake so mu rage girman kai. Akwai makarantu a ƙasar nan waɗanda ba su da allo, amma ba su taɓa yaye wanda ya rasa abin yi ba. Ku je Panteka a Kaduna ku ga abin da ake ƙerawa, ko Ariariya a Aba inda ake ɗinka takalma, ko marinar Ƙofar Mata a Kano. Ku dubi yadda 'yan'uwanmu Ibo ke ɗaukar yaro a kasuwar Anacha ko Alaba, ya yi shekaru yana yi wa maigida hidima yana koyon ciniki, ranar sallama a ba shi jari ya buɗe nasa. Abin da waɗannan ke da shi, jami'a ba ta da shi. Abin da jami'a ke da shi kuma, watau lissafi, da awo, da sanin dalilin abu, su ma suna bukata. A Jamus haɗa su aka yi: yaro yana kwana uku ko huɗu na mako a kamfani, sauran a makaranta, ana biyansa ɗan alawus, kuma takardar da zai samu tana da daraja a ko'ina cikin ƙasar. Muna da hukumomin da za su iya yin irin wannan, wato NBTE da ke Kaduna tun 1977, da NABTEB mai shirya jarrabawar sana'a tun 1992. Abin da ya rage shi ne gwanin da ya koya a gareji ya iya zuwa a gwada shi a ba shi shaida, kuma shaidar ta buɗe masa ƙofar ƙarin karatu in yana so.

Iyaye, yanzu gare ku. Shekaru da yawa aka yi ana fifita mai digiri a kan mai babbar difloma wajen ƙarin girma, saboda haka ba a ga laifinku ba da kuka riƙa tura kowa jami'a. Amma ku dubi abin da ke faruwa a unguwarku. Yaro ya zauna jarrabawa sau uku yana neman likitanci, a ƙarshe a ba shi wani fanni da bai taɓa sha'awa ba, ya karɓa don kada a ce bai shiga ba, alhali mai ɗaura fale-fale a gidan da ake ginawa kusa da ku sau da yawa daga Togo ko Kwatano aka ɗauko shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In kun ga ɗanku ko 'yarku da son kwance rediyo ko ɗinki, ku kai su wurin gwani a lokacin hutu tun suna sakandare. Wannan ba ya hana karatu, kuma ba ya rage darajar gida. Kafin ku biya kuɗin kowace makaranta kuma, ku tambaya ko hukuma ta amince da fannin, ku nemi a nuna muku ɗakin gwaji, ku tambayi inda waɗanda suka gama bara suke.

Ban ce a mai da jami'a wurin koyon walda ba. Ƙasa tana bukatar masana tarihi, da harshe, da addini, da masu bincike waɗanda amfanin aikinsu ba ya fitowa sai bayan shekaru. Ban kuma ce gyaran makaranta kaɗai zai samar da aiki ba, domin ko an yaye gwanaye, in babu wuta da masana'antu zaman banza za su yi. Wannan nauyi ne a kan gwamnati da masu dukiya. A watan Agusta na 2025 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantunta har shekara bakwai, domin a mai da hankali ga gyaran waɗanda ake da su. Ɗaliban da ke cikinsu yanzu kuwa ba za su jira shekara bakwai ba. Wanda lokacin SIWES ɗinsa ya zo a bana, ya nemi wurin da za a ba shi aiki ya yi da hannunsa, ko da ya fi nisa da gida, ko da ba a ba shi ko kwabo ba.