Zuwa Birni a Komo a Yini

Gaisuwa ta musamman ga masu sauraronmu na Gaya da Ajingi da ƙauyukan da ke kewaye da su, domin maganar yau tasu ce. Za mu tattauna ne a kan tafiyar nan ta yini ɗaya, wadda mace za ta yi sammako ta shiga birnin Kano, ta yi abin da ya kai ta, ta komo ɗakinta kafin duhu.

Wani zai ce mene ne abin magana a nan, ba mota kawai za a shiga ba? Ga namijin da yake zuwa duk mako, haka ne. Amma macen da take cikin kulle, wataƙila sau ɗaya ko biyu a shekara irin wannan fita take samuwa. An daɗe ana neman iznin maigida, an daɗe ana zubin adashi, kuɗin ƙuli-ƙuli da na ɗinkin hula ne aka tara da kaɗan-kaɗan. In ranar ta lalace, ba gobe za a sake ba. In kuma aka kai dare a hanya, kin san da irin idon da za a dubi tambayarki ta gaba.

To bari mu fara da lissafi. Daga Gaya zuwa Kano ta Wudil kilomita 60 ne da 'yan kai, 'yar Ajingi kuma ta ƙara da nata lokacin fitowa daga ƙauye zuwa bakin titi. Motar haya ba ta tashi sai ta cika. A ce kun tashi ƙarfe 7, kina cikin gari wajen ƙarfe 9. In kina so magariba ta same ki a gida, ƙarfe 4 ya kamata a ce kina tasha. Awa 7 ke nan. Cire sallar azahar da cin abinci, cire cunkoson ababen hawa, cire jiran A Daidaita Sahu. Abin da zai rage miki na aiki da ƙyar ya wuce awa 4.

Shi ya sa nake cewa, 'yar uwa, ki fita da babbar buƙata ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa. Sai ki ji mace ta ce za ta ga likita, ta shiga Kwari, ta yi gaisuwar rasuwa a Kurna, ta leƙa barka a Sheka, duk a yini guda. Kurna tana can hanyar Katsina, Sheka tana wani ɓangaren daban, garin ne duka a tsakaninsu. Ƙarshenta kuɗin sayayya ya tafi a kuɗin mota, likita ya tashi, 'yan gaisuwa kuma su ce ko zama ba ta yi ba. Ki zaɓi abin da in ba a yi shi ba tafiyar ta zama banza, ki fara da shi tun da sanyin safiya. Sauran duk nafila ne.

Zaɓen rana ma aiki ne. Juma'a kasuwar Wudil take ci, motocin shanu da na 'yan kasuwa suna cika hanya, ga shi a birni ana rufe shaguna a tafi masallaci daidai lokacin da kike tsakiyar ciniki. Lahadi shaguna da yawa a kasuwar Sabon Gari ba sa buɗewa. Asabar ɗin ƙarshen wata kuwa ranar tsaftar muhalli ce, ana tsayar da zirga-zirga da safe har ƙarfe 10. A ganina tsakiyar mako ya fi kwanciyar hankali. Da damina kuma ki dubi gari kafin ki fita, don ruwa in ya sauka da ƙarfi a birni layukan kasuwa ba sa biyuwa. A shekarar 2022 ambaliya har cikin shagunan Kantin Kwari ta shiga.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne, wato sanin abin da yake kusa da wane. Kano ba a cin ta da yawo, da unguwa-unguwa ake cin ta. In kayan auren 'yarki ne suka kawo ki, atamfa da shadda da leshi suna Kantin Kwari. Ƙofar Wambai ba nisa daga nan, can za ki samu robobi da zare da kayan ɗinki da gwanjo. Singa ta kayan masarufi ita ma tana wannan yankin, sai Sabon Gari a gaba kaɗan, inda ake samun kwanuka da kuloli da tukwane. Waɗannan kasuwanni ɓangare ɗaya suke, kina iya haɗa biyu a yini. Uku kuwa sai mai ƙarfin ƙafa, kuma ban ba ki shawara ba.

In asibitin Murtala za ki, kin faɗo wani ɓangaren. Kasuwar Rimi tana maƙwabtaka da shi, karofin Ƙofar Mata ma haka, in kin ƙara kutsawa cikin gari ki tarar da Kurmi. Asibitin Malam Aminu Kano shi kuma yana titin Zariya, ta gefen da kuke shigowa daga Wudil, don haka babu dalilin da za ki bari mota ta wuce da ke tsakiyar gari sannan ki dawo baya. Tun a hanya ki sa ɗan rakiyarki ya gaya wa direba inda za ku je, ya sauke ku a inda ya fi kusa. Ranar asibiti dai ki ɗauka ta asibiti ce kawai. Ki riƙo katinki, da takardar da likitan gida ya rubuta miki, da kwalayen magungunan da kike sha. Layi ba ya sanin daga nesa kika zo.

Maganar ɗan rakiya, a samu wanda ya san gari, ba wanda zai riƙe jaka kawai ba. Tun 2013 aka hana acaɓa a cikin birni, A Daidaita Sahu ita ce abin hawa, kuma sai kin yi ciniki kafin ki shiga, ki faɗi sunan wurin sosai. In kina da 'yar uwa mai aure a birni, ki kira ta tun ana jibi, ta tambayo miki farashin turmin atamfa da na kwanukan da kike so. Mai kaya yana gane baƙuwa tun daga yadda take waige-waige, amma in ya ji farashi a bakinki sai ya gyara zama. Kada ki saya a shagon farko. Ki taya a uku, sannan ki koma inda ya fi. Turmi yadi 6 ne, a warware miki ki gani, ki duba ko akwai tabo ko yagewa, domin daga Ajingi ba a dawowa canjin zane.

Kuɗi kuma a raba su. Kuɗin motar komawa ki ƙulle su daban, ki ɗauka ba naki ba ne, ko da kin ga abin da ya tsole miki ido. Na sayayya a lalita a cikin jiki, 'yan canji a hannu. Waya kada ta riƙa fitowa a cikin cunkoso ko a bakin titi. Ki rubuta lambar maigida a takarda ki soke a jaka, saboda in waya ta mutu ko ta ɓata, mu nawa ne muka haddace lamba? In ɗan dako ya ɗauki kayanki, yana gaba kina baya, idonki a kansa. Yaran da za a iya bari a gida a bar su, goyo kaɗai ya isa aiki.

Akwai kuma abin da mata ba su cika sawa a lissafi ba, ni kuwa ina ganin hakkinki ne. In kin gama babbar buƙatarki da sauran awa guda, ki ba idonki abinci. Wadda ta fito daga asibitin Murtala, 'yan taku ne zuwa karofin Ƙofar Mata, wanda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinsa, ki ga yadda ake tsoma farin ƙyalle a ruwan baba ya fito shuɗi. Gidan Makama yana daura da gidan Sarki, an mai da shi gidan tarihi, ana biyan kuɗi kaɗan a shiga a ga kayan mutanen da. Kurmi kanta tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ke 'yar Gaya ma kina da abin tinƙaho a nan. Tarihin baka ya ce maƙeri ne daga Gaya, mai suna Kano, ya zo gindin Dala neman tama ya zauna, har yau kuma ana kiran zuriyar maƙeran nan Abagayawa. In kin hango dutsen Dala daga cikin gari, ki nuna wa yaron da ya rako ki, ki gaya masa. Hawansa dai a bar wa wata rana, lokaci ba zai isa ba.

Tsaraba ba sai kin sha wahala a kanta ba. Mariri tana kan hanyarku ta fita, kasuwar goro ce, in direba zai ɗan tsaya goron surukai ya samu. Burodin yara kuwa ko a tasha akwai.

Da an kira la'asar ki yi sallah ki nufi tasha, ko ciniki bai ƙare ba. Yamma tana yi masu komawa gida suna yawa, kujera tana wuya, mai kaya da yawa kuma ita ake bari a ƙasa. Ki ƙirga ƙullin kayanki kafin a sa a but, ki sake ƙirgawa in an sauke. Mota tana tashi ki kira gida ki ce kun taso, in kun haye gadar Wudil ki sake kira, don a turo yara bakin titi su taya ki ɗauka.

A nan za mu dakata, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaida maigida da yara.