Bel Ɗin Taimin: Darasin Da Muka Koya A Tashar Jirgin Kano



Lokacin da muke ɗalibai a kwalejin horon malamai, a tashar jirgin ƙasa ta Kano da ke kusa da Fagge da Sabon Gari muke shiga jirgi. Tun shekarar 1911 layin dogo ya iso Kano. Abin da ba mu mance ba shi ne wani ma'aikaci da ke bin taragu da guduma yana ƙwanƙwasa ƙafafunsu kafin jirgi ya tashi. Ba ya jiran ƙafa ta tsage a daji. Tun a tasha yake neman aibinta.

Yau galibinmu da motocinmu muke zuwa gida hutun Sallah, iyali cike a baya. Shi ya sa muka zaɓi mu yi magana kan wani abu da ba a gani, wato bel ɗin taimin. Roba ce mai haƙora da ke sa bawul-bawul na inji su buɗe su rufe daidai da hawa da saukar fistan. Fanbel idan ya gaji yakan yi ƙara, amma wannan yana cikin murfi, kuma sau da yawa ba ya gargaɗi. In ya tsinke mota na gudu, nan take inji zai mutu, kuma a injuna da dama fistan zai daki bawul ya lanƙwasa su. Gyaran da za a yi da kuɗi kaɗan sai ya koma sauke inji.

Mu da muka saba da Fijo 504, wadda aka harhaɗa a Kaduna, ba mu san wannan damuwa ba, domin sarƙa take amfani da ita. Fijo 406 da Golf 3 kuwa bel ne. Don haka matakin farko, kowa ya tambayi makanikinsa: motata sarƙa ce ko bel?

Na biyu, masu ƙera motoci sukan ce a canza shi tsakanin kilomita 60,000 zuwa 160,000 gwargwadon irin motar, ko bayan shekara 4 zuwa 7, duk wanda ya riga cika. Ko mota tana ajiye, roba na tsufa, balle a zafi irin namu. Littafin motar ne ke faɗin ainihin adadin.

Na uku, wanda ya sayi motar Kwatano kada ya dogara da lambar da ke kan mita, don akan mayar da ita baya. Ya canza bel kafin tafiyar farko, tare da abin da ke ɗaure shi, da famfon ruwa idan bel ɗin ne ke juya shi. In za a saya a Ƙofar Ruwa, a tafi da makanikin da aka amince da shi, a guji na jabu. Sannan a rubuta ranar da kilomitar a ajiye.

Shekarun baya mun kwana a gefen hanya da yara saboda mun ce bari sai bayan Sallah. Ba ma fatan haka ga kowa. Muna ba ƙungiya shawara ta riƙa tunatar da membobi wata guda kafin kowane taron gida.

Allah Ya kai mu gida lafiya.